Tiren madabod a kes ɗin da aka sauya wa fasali: a yanko, a ƙera, a sayo, ko a liƙa?

Bara, ana tsakiyar hunturu, wani matashi mai haɗa bidiyon biki da na suna ya shigo shagona rungume da gidan kwamfutar Apple, irin Power Mac G5 ɗin nan na alminiyam da aka fara fitarwa a 2003. A wani tsohon situdiyo ya same shi. Jos dai garin 'yan fim ne, a nan Hukumar Fina-finai ta Nijeriya take da hedikwata, don haka akan ci karo da irin waɗannan tsofaffin injuna a ajiye sun sha ƙura. Kayan cikin sun daɗe da mutuwa, amma jikin ko ƙwarzane babu. Ya ce, "Oga, madabod na zamani nake so in zuba a ciki. Mutum uku na tambaya, kowa da nasa zancen. Wannan ya ce in kai wa mai walda, wancan ya ce in yi oda daga Chana, ɗayan ya ce gam kawai zan sa."

Tambayarsa ita ce tambayar duk wanda ya ɗauko abin da ba a ƙera shi don madabod na gama-gari ba, ko tsohon kes ne na kamfani, ko akwatin ƙarfe, ko durowar tebur, yana so ya mayar da shi gidan kwamfuta. Madabod shi ne babban allon da ake jona sauran kayan kwamfuta a jikinsa, kes kuma gidan kwamfutar. Tire shi ne falen da madabod ke kwanciya a kai, bisa 'yan ƙafafun tagulla da ke ɗaga shi don kada bayansa ya taɓa ƙarfe. A ido abu ne mai sauƙi, fale da huji tara. A aiki kuwa, a nan yawancin irin wannan gyara ke lalacewa. Hanyoyi biyar na sani da ake bi, kuma duk sun taɓa ratsawa ta hannuna.

Abin da za a auna kafin a taɓa zarto

Na farko, kuma wanda ya fi sauran duka nauyi, shi ne daidaito. Tun 1995 da kamfanin Intel ya fito da tsarin ATX aka tsayar da ma'auni ɗaya da kusan kowa ke bi. Cikakken madabod na ATX milimita 305 ne a 244, microATX 244 a 244, Mini-ITX da kamfanin VIA ya kawo a 2001 kuma 170 a 170. Tagar baya, inda ramukan USB da na sauti da na intanet ke leƙowa, milimita 158.75 ce a 44.45. Tsakanin gurbin kati da na kusa da shi milimita 20.32 ne; ATX na da gurbi bakwai, microATX huɗu, Mini-ITX ɗaya. Ƙafafun tagulla kuma galibi tsayinsu kwatar inci ne, wato milimita 6.35.

Na jero waɗannan lambobi ne don a ga cewa tire ba shi kaɗai yake aiki ba. Abu uku ne dole su haɗu wuri guda: hujin tire, tagar baya, da bakin da ake ɗaure katin girafik, wato katin da ke fitar da hoto. Idan tire ya sauka daga inda ya kamata ya tsaya, ko da milimita 2 ne, katin ba zai zauna har ƙasa a gurbinsa ba, yau kwamfuta ta kawo hoto, gobe ta ƙi. Idan ya yi baya, wayar HDMI ba za ta shige sosai ba. Idan ya karkace, ka ɗaure katin da ƙarfi, to kana murɗa gurbin ne kullum har ranar da zai saki. Mutane kan ɓata kwana biyu suna auna hujin tire, su manta cewa alaƙar tire da bangon baya ita ce aikin. Duk hanyar da zan kawo a ƙasa, da wannan ma'auni nake fara gwada ta.

Na biyu ƙarfi. Manyan masanyayan furosesa na yanzu, wato ƙarfe da fankar da ke sanyaya ƙwaƙwalwar kwamfuta, sun haura kilo ɗaya, manyan katunan girafik ma haka, kuma duk nauyin nan a rataye yake a gefe idan kes na tsaye. Tiren da ke lanƙwasa yana lanƙwasa madabod tare da shi. Wanda kwamfutarsa ke zaune a ɗaki ba ya jin wannan kamar wanda ke ɗora ta a keke Napep daga Bauchi Road zuwa Bukuru don aikin biki.

Na uku wuta. Zoben azurfa-azurfa da ke kewaye da kowane hujin madabod an yi shi ne don ya haɗu da jikin kes ta ƙafar tagulla. Gaskiya ne madabod na samun hanyar sauke wuta ƙasa ta baƙaƙen wayoyin fawa fak, akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta, shi ya sa yake tashi lafiya ko a kan kwali aka ajiye shi, amma tiren ƙarfe na ba wutar da ke taruwa a jikin mutum hanyar wucewa ba tare da ta bi ta kan kayan ciki ba. Mu da ke Jos mun san wannan wuta. Daga Disamba zuwa Fabrairu, ka yaye bargo cikin duhu ka ga yana tartsatsi, ka taɓa ƙofar mota ta ɗan harbe ka. Abin da yatsa ke ji kamar tsinken allura ya isa ya kashe RAM. Ga kuma gidajenmu da yawa da ba su da wayar ƙasa ta kirki a soket.

Sauran ma'aunan ba sa bukatar dogon bayani: wurin da tiren zai ci a faɗin kes, tunda dogayen masanyaya kan kai milimita 150 zuwa 165, kayan aikin da kake da su ko za ka iya aro, ko za a iya warware aikin gobe idan ka sauya madabod, sai kuɗi. Ba zan sa farashi da naira ba, domin kayan kwamfuta dala suke bi, abin da na rubuta yau jibi ya zama tsohon labari. Zan dai faɗi wanne ya fi wanne tsada da abin da ke cin kuɗin.

A yanko daga wani kes

Wannan ita ce hanyar da na fi bi, kuma ba na ɓoye cewa ita na fi so. Ka zagaya shagunan masu gyaran kwamfuta a Ahmadu Bello Way, ko wajen 'yan gwangwan, ka nemi mataccen kes na ATX. Wanda ke Abuja ya leƙa Banex Plaza a Wuse 2. Ba ruwanka da fuskarsa ko murfinsa, ko sun fashe ba komai, hakan ma ya fi araha. Abin da kake so shi ne tire da bangon baya. Yawancin kes da ribit aka haɗa su, sai ka sa bakin diril na milimita 3.2 ka cinye kawunan ribit ɗin ɗaya bayan ɗaya har gidan ya warware. Amma ribit ɗin da suka haɗa tire da bangon baya, kada ka taɓa su. Ka fito da su biyun a manne, kamar littafi buɗaɗɗe.

Dalili kuwa shi ne masana'anta ta riga ta yi maka awon nan mai wuya. Tagar baya tana inda ya kamata, gurabun kati suna kan layi, tsagar da harshen katin ke shiga tana nan. Aikinka ya koma yanke taga a bayan sabon gidan, ka zura wannan, ka kama shi da ribit ko noti. Idan babu inda za a ɗaure, masu ƙera tagogin alminiyam suna da ƙarfen kusurwa da ake yanka gunduwa-gunduwa a yi madogara da shi. Ko ka yi kuskuren milimita 3 wajen yanke tagar, bangon da ka ɗauko zai rufe, kayan ciki kuma ba su san an yi kuskure ba.

Wajen zaɓen kes ɗin da za a yanka ake bukatar ido. Masu arahar nan na yanzu ƙarfensu kan yi siriri har rabin milimita, da yatsa ma kana lotsa shi. Ka nemi mai nauyi a hannu, na 0.8 ko sama. Tsofaffin kes na farkon shekarun 2000 sun fi kauri, sai dai yawancinsu ba su da babbar tagar da ke bayan furosesa, wadda ke sa a sauya masanyayi ba tare da an cire madabod ba. Ana iya yanke ta, kuma gara a yanke tun tiren na waje. Sannan a yi hattara da kwamfutocin ofis na Dell da HP da suka cika kasuwar kayan Beljiyam: da yawansu hujinsu na gidansu ne, wasu tagar bayan a jikin ƙarfen aka huda ta don madabod ɗinsu kaɗai, wasu tsofaffin kuma tsarin BTX na 2004 suke bi, wanda komai nasa a juye yake. Ka tafi kasuwa da mataccen madabod a jaka, ka ɗora a kai kafin ka biya.

Akwai wani tarko da ya taɓa kama ni a farkon shigata sana'a. Na bar ƙafar tagulla guda a inda madabod ɗin ba shi da huji. Ina kunna wuta ta taɓa bayan allon, shi ke nan. Kayan mai shi ne, daga aljihuna na biya, kuma na daɗe ina jin ciwon abin, domin amana ya ba ni. Tun daga ranar nake ƙirga ƙafafu, in ƙirga huji, in ƙirga notin da na ɗaure, dole lissafin uku ya zo ɗaya. Wasu tirorin ma ba tagulla gare su ba, tudu aka bugo a jikin ƙarfen; irin waɗannan ba a cire su, don haka duk tudun da bai dace da huji ba sai an rufe shi da tef mai kauri, ko a nemi wani tiren.

Kada a kai wa mai walda ya ɗiga. Falen ya yi siriri, wutar walda za ta huda shi ta kuma murɗe shi, ga shi yawanci an shafe shi da zinki, wanda hayaƙinsa ke cutar da mai shaƙa. Idan sabon gidan na alminiyam ne, dama walda ta gama-gari ba ta haɗa shi da ƙarfe. Bakin da aka yanka a goge shi da magagari, a shafa masa fenti saboda tsatsar damina. Aibin wannan hanya a ido yake: bayan kes zai nuna an yi masa faci, sai dai in an yi fenti da kyau.

A ƙera da falen alminiyam

Idan gidan da kake aiki a kai ba shi da siffar da wani tire zai shiga, ko kana son aiki mai tsabta da ba a ganin faci, sai a ƙera. Alminiyam mai kaurin milimita 2 nake so. Nauyin alminiyam kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, don haka tiren ATX a wannan kauri bai wuce rabin kilo ba, kuma a shimfiɗe ya fi falen ƙarfe na 0.8 tauri nesa ba kusa ba, tunda tauri kauri yake bi. Ba ya tsatsa, zarto da magagari na cin sa cikin sauƙi, wuta kuma na bi ta jikinsa kamar yadda ake so. Idan aka kai wa masu lanƙwasa fale suka naɗe bakinsa milimita 10, ya zama kamar dutse.

Wahalar ita ce duk awon da masana'anta ta ɗauke maka a hanya ta farko, yanzu a wuyanka yake. Kada ka dogara da rula kaɗai. Ka samo mataccen madabod da mataccen kati, ka zura katin a gurbinsa, ka ɗaure shi a bangon baya, ka bar katin ya nuna maka inda madabod zai zauna. Daga nan ka yi alamar huji biyu na kusurwa, ka huda, ka ɗaure, sannan ka yi alamar sauran ta cikin hujin allon. Wanda ya huda tara a lokaci guda daga takarda, sau da yawa shida ne ke dacewa.

Abu biyu ake mantawa. Ƙarfen da ke bayan kowane kati yana da harshe a ƙasa da ke sauka ya wuce madabod. In ba ka yanke masa tsaga a tire ba, zai tokare, katin ya ƙi zama. Na biyu haƙorin noti. Iri biyu ne a cikin kwamfuta: 6-32 na Amurka mai manyan haƙora, irin wanda ke ɗaure fawa fak da babban faifan ajiya (hard disk), da M3 mai ƙananan haƙora, irin na SSD da injin DVD. Sun yi kama, amma ba sa auren juna. Don yanka haƙorin M3 ana huda milimita 2.5, na 6-32 kuma kimanin 2.7. In ba ka da abin yanka haƙori, ka huda hujin da ƙafar za ta wuce ka kama ta da noti ta baya. Wannan ma ya fi riƙo, domin haƙorin alminiyam ba ya jure yawan ɗaurewa da kwancewa.

Kuɗin fale matsakaici ne, musamman in ka samu ragowa wajen masu aikin alminiyam. Abin da ke ci shi ne lokaci, da falen farko da kusan kowa ke ɓatawa. Kuma a tuna, tire kaɗai ka ƙera. Bangon baya na nan yana jira, shi ne ma ya fi wuya.

Roba mai kama da gilashi, ko katako

Masu yin allon talla suna da akirilik, wasunsu har da injin leza da ke yanka daidai da zanen da ka kai musu a filashi. In zanen daidai ne, hujin zai fito daidai fiye da na hannu, kuma da 'yan fitilu a baya abin na da kyan gani. Na gane dalilin da matasa ke son sa. Amma ni ba na ba mai aikin neman abinci shawararsa. Mai milimita 3 lanƙwasa yake yi, sai 5 ko sama. Yana tsagewa in an matsa diril ko an ƙara wa noti rabin juyi. Sifirit da muke goge madabod da shi na sa bakinsa ya yi ƙananan tsagu. Wuta ba ta bi ta jikinsa, ga shi yana tara wutar hunturu yana janyo ƙura kamar maganaɗisu. Zafi dai ba matsalarsa ba ne, sai wajen digiri 100 yake fara laushi. Robar PLA da ake buga kaya da ita a injin 3D ita ce abin tsoro, tun wajen digiri 60 take saki, kuma bayan furosesa a zafin Abuja na watan Maris ba wurin gwaji ba ne.

Katako ya fi akirilik haƙuri. Filawud na milimita 9 daga kasuwar Katako ba shi da tsada, kowane kafinta zai yanka maka, in ka yi kuskuren huji ka toshe ka sake. Ga mai gina kwamfuta a cikin tebur ko a jikin bango, ya wadatar. Sai dai yana cin wuri, kuma a guji MDF, katakon nan na garin itace da aka matse, wanda ke kumbura da ya sha raɓar Yuli da Agusta. Da akirilik da katako duka, a ja waya daga jikin fawa fak zuwa duk wani ƙarfe da hannu ke taɓawa a gidan.

A yi oda

Ana sayar da tire haɗe da bangon baya a kasuwannin intanet irin su AliExpress, akwai kuma ƙananan kamfanoni a Ingila da Amurka da ke yanka na musamman don gidaje irin G5. Mai kyau a cikinsu shi ne mafi tsabtar aiki, ya zo da fenti, da noti, da tagar bayan furosesa. Ita ce kuma mafi tsada: da dala za ka biya, kuɗin jirgi na ƙarfe kan kusa kamo kuɗin kayan, sannan ka jira makonni. Idan ya iso a lanƙwashe ko awon bai dace da gidanka ba, mayar da shi daga Jos ya fi sayen wani wahala. Kafin ka biya ka nemi zanen da ke nuna tsawo da faɗi da kauri, ka yanka kwali daidai da shi, ka gwada a cikin kes. Ka duba kuma ko da bangon baya yake zuwa. Wanda fale ne kawai bai raba ka da komai ba. Odar ma ba ta hana yanka, tagar baya dai sai ka buɗe ta da hannunka.

Ba tire, gam kawai

Shawarar mutum na uku ba shirme ba ce, masu gyaran G5 da yawa haka suke yi don kada huji ya fito a gefen da ake kallo. Ana ɗaure ƙafafun tagulla a jikin mataccen madabod, a zura kati, a goge bangon ciki da samfefa, a ɗiga gam mai haɗi biyu a ƙarƙashin kowace ƙafa, a sauke allon a hankali, a ɗaure katin a gurbinsa, a bar shi. Gam mai jinkirin kamawa ake so, wanda ke kwana ya wuni. Na minti huɗun nan da ake liƙa fitilar mota da shi ba ya ba ka lokacin gyara zama, kuma riƙonsa bai kai ba. Ita ce mafi araha, ba ta cin wuri ko kaɗan.

Rauninta a murɗi yake. Gam na jure ja, amma ranar da noti ya cije ka matsa sukurudireba, ƙafar ce za ta ɓalle ta biyo allon. Girgizar hanya ma na cin ta a hankali. Wuta ba ta bi ta jikin gam, babu tagar bayan furosesa, babu inda za a ɓoye wayoyi. Ga ƙaramin Mini-ITX mai huji huɗu da ƙaramin masanyayi, na yarda da ita. Ga cikakken ATX mai kilo biyu a rataye, ban yarda ba.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙin aiki | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Yankowa daga wani kes | Kaɗan | Mai kyau in ƙarfen na da kauri | Matsakaici | Sayen kes mai hujin kamfani; ƙafar da ta yi rara |
| Falen alminiyam | Matsakaici | Mafi kyau | Mai wuya | Kuskuren awo da bangon baya |
| Akirilik | Matsakaici zuwa sama | Rarrauna | Da leza da sauƙi, da hannu da wuya | Tsagewa. Tara wuta da ƙura |
| Filawud | Kaɗan | Matsakaici | Mai sauƙi | Cin wuri; danshi |
| Oda daga waje | Mafi tsada | Mai kyau | Mai sauƙi in ya dace | Rashin dacewa, jira, wuyar mayarwa |
| Gam | Mafi araha | Rarrauna ga kaya masu nauyi | Mai sauƙi | Ɓallewar ƙafa |

Ko wacce ka ɗauka, a cire komai na lantarki daga gidan kafin a fara yanka ko huda, a sa tabarau, a kuma hure gidan a goge shi da tsumma mai ɗan danshi bayan an gama. Ɓarɓashin ƙarfe guda da ya maƙale a gurbin RAM daidai yake da ƙafar nan da ta cinye min kuɗi.

Wa ya kamata ya ɗauki wacce

In kwamfutar ce abincinka, kana da katin girafik mai nauyi, ko kana yawo da ita wajen aiki, ka yanko tire da bangon baya daga wani kes. Haka ma in wannan ne karonka na farko. Ita ce hanyar da ke yafe kuskure. In hannunka ya saba da awo, kana da diril da magagari da haƙurin ɓata fale ɗaya, gidan kuma siffarsa daban ce, ka ƙera na alminiyam, amma ko a nan ina ba da shawarar ka yanko bangon baya daga tsohon kes ka haɗa da naka falen. Mai gina kwamfuta a tebur ko a bango ya je wa kafinta. Mai shagon da ke son abin ajiyewa a gilas don jan ido, wanda ba za a riƙa ɗagawa ba, akirilik na milimita 5 zai yi masa. Wanda gidan nasa ke da daraja a wurinsa, aljihunsa kuma zai ɗauka, ba ya gaggawa, ya yi oda bayan ya gwada da kwali. Gam kuma na mai ƙaramin allo ne da ba ya son ko huji ɗaya ya fito waje.

Shi matashin nan, da muka zauna na tambaye shi inda kwamfutar za ta riƙa kwana, ya ce rabin mako a ɗaki, rabi a wajen taro. Nan maganar gam ta mutu. G5 ta dama ake buɗe shi, don haka madabod a kife yake shiga, katuna a sama, kuma gurabunsa huɗu ne, sai muka tsaya a kan microATX. Muka samo wani tsohon kes mai nauyi, muka fito da tirensa da bangonsa a manne, muka rage tsayinsa, muka kafa shi a kan ƙarfen kusurwa ta ciki yadda noti bai fito ta gefe ba. Yanke bayan ne ya fi ɗaukar mu lokaci, yana tsaye a kaina yana cewa, "Oga, a hankali don Allah." Kwana uku aikin ya ci. Da hunturu ya wuce ya kawo ta na hure mata ƙura, na bi notin da sukurudireba ɗaya bayan ɗaya, ban samu wanda ya sassauta ba.